Mai Gasa Gurasar Bagade

Ƙarfe biyun dare nake hura tanderu
a ɗakin da ke bayan cocin Abu Tij.
Garin alkama, ruwan ɗumi, yisti. Ba gishiri.
Haka kakana Gattas ya koya mini,
ya ce, yaro, wannan kwaɓin da addu'a ake yin sa,
baki na motsi, hannu na murzawa.

Shekara talatin da ɗaya ban tsallake kalma ba.
Bana kuwa bakina na tafe shi kaɗai,
kamar jakin da ya san hanyar gona
ko da mai shi ya faɗo tun a bakin gada.
Ina kira, ina kasa kunne:
gobarar itace kawai ke amsawa.

Kwana hamsin da biyar ne azumin.
Ba nama, ba madara, ba ƙwai, ko kifin Nilu.
In rana ta karkata, Damyana ta ajiye wake da albasa,
ta ajiye cokali uku,
ta tuna, ta ɗauke ɗaya.
Cikina bai dame ni ba, ya saba.
Can ƙasa da shi akwai wani rami
wanda bai san wake ba, bai san buɗa-baki ba,
shi ne ainihin gidan yunwa.

Abanub ya kira mu daga gaɓar Libiya, bara war haka.
Ya ce, Baba, gobe da dare, jirgin mai kyau ne.
Daga nan shiru.
Ba kabari da zan zauna kusa da shi, ba likkafani,
ba ko takalmi guda da teku ta tofar.
Wa zan yi wa kuka, wa zan yi wa fushi,
tun da ba a nuna mini ko gawa?

Daren Laraba a mako na biyar
na rufe bakina da gangan.
Na ce, in kana nan, ai ka san muryata,
bari mu ga ko za ka ji rashinta.
Na kwaɓa da sunan ɗana kaɗai,
na danna hatimin katako, na huda sau biyar,
na lulluɓe da ƙyalle, na zauna ina harara.
Kwaɓin ya tashi abinsa,
bai ƙi ba, bai jira izinin kowa.

Da ladan ya yi kiran asuba a ƙetaren magudana
na jera bakwai a kwando, gwiwata na rawa.

Abuna Sarabamun ya juya su ɗaya bayan ɗaya,
yana neman marar tabo, Ɗan Ragon yau.
Na so in ce, Abuna, kada ka taɓa,
waɗannan ba su ji sunan Allah ba.
Ya ɗaga ɗaya sama, hayaƙin turare ya rufe ta.
Gurgu Mitri ya karɓa, gwauruwa Tafida ta karɓa,
ni na lafe bayan ginshiƙi
kamar ɓarawon da aka yi wa baiwa.

Ba zan ce alama ce ba.
Yisti aikinsa yake yi, na fi kowa sanin haka.

Da aka watse, Abuna ya leƙo ɗakin tanderu,
ya gutsuro ragowar, ya miƙo mini rabi.
Ya ce, Wisa, ta yau ta fi laushi.
Na tauna, ta tsaya mini a wuya.
Bai tambaya ba, ban faɗa ba.
Ya ce, gobe ma mutane za su zo, ka sani.

Saura kwana ashirin da wani abu a yi Ista,
a ce kabari ya buɗe, a soya agwagwa.
Ni ko teku nake jira ta buɗe.
Amma ga buhun gari, ga ashana,
ga ƙarfe biyu ya sake zagayowa.